Biri Ya Iya Riƙe Guduma, Amma Ya San Dalili?

Ga waɗanda ba su samu sauraron filinmu na kimiyya na makon jiya ba, ga abin da muka tattauna a rubuce.

Tambayar daga nan Yawunde ta fito. Wani bakanike mazaunin Birketiri, mai gareji a wajen kasuwar Mokolo, ya aiko mana cewa ya kai yaransa gidan namun daji na Mvog-Betsi ranar hutu. Suna tsaye gaban kejin birai sai ƙaramin ɗansa ya ce, "Baba, in aka ba biri sufana zai iya kwance noti?" Ya ce dariya ya yi, amma da ya koma gareji tambayar ta ƙi barinsa. Yana da yaro mai koyon aiki a hannunsa, shekara biyu yana ɗaure noti daidai, amma ranar da mota ta zo da cutar da bai taɓa gani ba, sai ya saki hannu yana kallon maigida. Shi ne ya ce mu bincika masa: birin da ke aiki da sanda ko dutse, ya san abin da ya sa aikin ke ci, ko kuwa kwaikwayo ne kurum?

To, mai karatu, tambaya ce da masana suka fi shekara 100 suna kai da komo a kanta. Kuma wani babban yanki na amsar, a dazuzzukanmu yake.

Ba duk biri ne biri ba

Mu Hausawa duk biri muke cewa, amma masana sun raba su gida biyu. Akwai birai na gama-gari, galibinsu masu wutsiya, irin su jan biri mai ɓarna a gonar gyaɗa, da bika. Akwai kuma manyan birai marasa wutsiya: gorila, wanda 'yan jarida kan kira goggon biri, da wanda a nan Kamaru muke kira shampanze, a Najeriya kuma cimfanzi. Jan biri da bika, duk wayonsu wajen sata, ba a san su da sana'ar kayan aiki a daji ba. Gwanin wannan fage a Afirka shi ne shampanze. A cikin masu wutsiya kuwa, waɗanda suka shahara da dutse su ne kafucin, wani ɗan biri na Kudancin Amurka, da wani biri mai doguwar wutsiya da ke fasa kawa a bakin tekun Tailan.

A shekarar 1960 ne Jane Goodall ta ga shampanze a dajin Gombe na Tanzaniya, ba Gombe ta Najeriya ba fa, yana zura tsinke cikin suri, gara ta cije shi, ya zaro ya suɗe. Ta kuma ga suna zage ganyen reshe kafin su zura. Wato ba tsintar kayan aiki kaɗai suke yi ba, har gyara shi suke yi. Kafin nan, a littattafai da yawa ana cewa ɗan Adam ne kaɗai ke ƙera kayan aiki.

Masu fasa nuwazet a dajin Ebo

In lokacinsa ya yi, za ka ga ana sayar da wani ɗan itace mai taurin ɓawo a kasuwannin Yawunde da Duwala, wanda masu sayarwa ke kira nuwazet da Faransanci. Duk wanda ya taɓa gwada shi da haƙori ya san sai da dutse ko guduma. To, a dajin Ebo da ke yankin Litoral, arewa da kogin Sanaga, akwai masu fasa shi da ba mutane ba ne.

A shekarar 2006 wasu masana biyu, Bethan Morgan da ɗan Kamaru Ekwoge Abwe, suka wallafa cewa sun ga shampanze a dajin Ebo suna fasa wannan ɗan itace da dutse. Abin ya girgiza masu wannan fanni. Me ya sa? Domin kafin nan an ɗauka fasa ƙwara da dutse sana'a ce ta shampanzen can yamma kaɗai, na Gini da Laberiya da Kodebuwa, kuma kogin Sassandra na Kodebuwa shi ne iyakarta. Sai ga ta a Kamaru, kimanin kilomita 1,700 gabas da wannan kogi. Biran Ebo kuma ba su tsaya nan ba, suna kamun gara da tsinke.

Ka duba abin da fasa ƙwara ke bukata. Abu uku ne sai sun haɗu a jere: ƙwarar, wuri mai tauri da za a ɗora ta, da dutsen bugu. In ƙasa ta yi laushi, ƙwara ta nutse. In dutse ya yi sauƙi, ba za ta fashe ba. In an buga da ƙarfi fiye da kima, ɗan cikin ya dagargaje. Duk matar da ta taɓa fasa ƙwarar kwakwar manja ta san wannan.

Yanzu ƙetara iyaka zuwa Najeriya, dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, jingine da Kamaru. Shampanzen can da na Ebo jinsi ɗaya ne, wanda ake kira shampanzen Najeriya da Kamaru. Masanan da suka bi su shekara da shekaru, ƙarƙashin jagorancin Volker Sommer, sun tarar suna da sanduna iri-iri: mai kauri na tonon gidan ƙudan zuma, siriri na lasar zuma, dogo na kwasar kwarkwasa. Amma ba a same su suna kamun gara ba. Jini ɗaya, sana'a daban. Wannan ya nuna abin ba a jini kaɗai yake ba, koyonsa ake yi, kamar yadda wani gida ya gaji ƙira wani ya gaji dukanci.

Yaya suke koyo? A ƙauyen Bossou na ƙasar Gini, inda masanan Japan suka daɗe suna kallon shampanze na fasa ƙwarar kwakwa, an ga ɗan biri yakan shekara yana wasa da duwatsu a gefen uwarsa. Ya ɗora dutse kan dutse ba ƙwara, ya bugi ƙwara da tafin hannu, ya ɗora ƙwara ya rasa abin bugu. Sai ya kai shekara 3 zuwa 5 yake fara fasawa da kansa. Uwar ba ta kama hannunsa, ba ta yi masa bayani. Tana dai barinsa ya zauna kusa, ya kalla, ya ɗauki ɗan abin da ta fasa. Sana'ar kuma tsohuwa ce: a dajin Tai na Kodebuwa an tono duwatsun fasa ƙwara na shampanze da suka kai shekara 4,300.

Amma duk wannan bai amsa wa bakanikenmu ba. Yaronsa ma ai ya iya ɗaure noti. Iya aiki daban, sanin sanadi daban. Don a raba biyun, sai an kawo wa biri matsalar da bai taɓa gani ba.

Biran Kamaru a tsibirin Tenerif

Wanda ya fara wannan gwaji sosai wani Bajamushe ne, Wolfgang Köhler. Daga 1913 zuwa 1920 ya zauna a tsibirin Tenerif, a tekun Atlantika daura da Maroko, inda Jamusawa suka kafa tashar nazarin birai. Lokacin da aka kafa tashar, Kamaru tana hannun Jamus, kuma mafi yawan shampanzen da aka fara kaiwa tashar daga Kamaru aka kwaso su.

Akwai wani a cikinsu mai suna Sultan. Köhler ya ajiye ayaba nesa da keji, ya ba shi gora biyu, kowace ta gaza kaiwa. Sultan ya yi ta fama har ya gaji ya bari. Can yana zaune yana wasa da gorar, sai bakin siririyar ya shige ramin mai kaurin. Nan take ya tashi ya nufi bakin keji, ya jawo ayaba da doguwar sandar da ya haɗa. Köhler ya ce wannan fahimta ce, ba dace ba ne, domin da sandar ta yi tsawo birin ya san abin da za ta yi masa.

Sai dai shi Köhler ɗin ya ga inda suka gaza. In ya rataye ayaba a sama ya ajiye akwatuna, sukan ɗora akwati kan akwati su hau. Amma ɗorin nasu abin dariya ne: akwati a karkace, gefe a iska, ya rushe su sake ɗorawa haka nan. Sun gane tsawo na kai su ga ayaba. Abin da ke sa gini ya tsaya daram kuwa, bai shige su ba.

Daga baya, a 1945, wani Ba'amurke mai suna Herbert Birch ya nuna cewa shampanzen da bai taɓa wasa da sanda ba, galibi ba ya iya jawo abinci da ita. Da aka bar su kwana 3 suna wasa da sanduna, sai suka iya. Ke nan basirar da ke zuwa farat ɗaya, tana da tushe a wasan da hannu ya riga ya yi.

Bututu mai rami

Gwajin da ya fi suna a wannan fanni a birnin Rum na Italiya aka yi shi, aka wallafa a 1994. Elisabetta Visalberghi da Luca Limongelli suka kawo bututu garai-garai da ake ganin cikinsa, a kwance, baki biyu a buɗe. A tsakiyarsa ta ƙasa akwai ɗan rami kamar aljihu. Sai a sa abin daɗi a cikin bututun, gefen ramin, a ba biri sanda.

Ka kwatanta a ranka. In ka zura sanda ta bakin da ke kusa da abincin, za ka tura shi zuwa ramin, ya faɗa, ka yi asara. In ka zura ta ɗaya bakin, sanda za ta haye ramin ta turo abincin waje. Wanda ya san cewa abu kan faɗa rami, kallo ɗaya ya ishe shi.

Biran kafucin 4 aka gwada. Uku sun yi ta zurawa ta ko'ina, yau su ci gobe su rasa, kamar mai caca. Ɗaya ce, bayan gwaji da yawa, ta fara ci kusan kullum. Sai masanan suka juya bututun, rami ya koma sama inda ba abin da zai faɗa ciki. Ta ci gaba da bin tsohuwar hanyarta, tana zurawa ta baki mai nisa. Da suka ƙara canza fasalin abin, suka gano ƙa'ida ta haddace: zura ta nesa da abinci. Ramin kansa ba shi take lissafawa ba. Wannan ita ce yaron gareji sak. Da aka gwada shampanze 5 a shekarar da ta biyo, 2 ne suka iya.

Amma kada ka yi saurin yanke hukunci. A 2005 wasu masana a Amurka suka ba manyan mutane irin wannan bututu da rami a sama. Mafi yawan lokuta su ma gudun ramin suka yi, alhali sun san ba ya cin komai. Sabo ne kawai. In mutum mai hankali ya yi haka, ba adalci ba ne a ce biri ya faɗi don ya yi irinsa.

Sannan aka lura da wani abu. Tura abinci nesa da kai kafin ka same shi ya saɓa wa ɗabi'ar biri, shi jawowa ya sani. A birnin Laifzig na Jamus, a 2006, aka faɗaɗa bututun yadda za a iya jawo abincin da sanda. Wasu manyan birai suka gane da wuri, kuma da aka juya ramin sama suka daina damuwa da shi. A 2009 aka cire sandar gaba ɗaya, aka bar shampanze su motsa abincin da yatsa, sai suka fi iyawa nesa ba kusa ba. Ashe wani lokaci ba sanadin ne ya gagare su ba. Riƙe sanda, da kallon abinci, da lissafin rami, duk a lokaci guda, shi ne ya yi wa kansu yawa. Mai koyon tuƙi ya san wannan: ya san aikin birki sarai, amma ga sitiyari ga giya ga ɗan acaba a gaba, sai ƙafa ta rikice.

Dutse mai nauyi da akwati mai gilashi

Su ma kafucin ɗin, da aka bi su gida sai suka wanke kansu. A jihar Piyawi ta ƙasar Barazil, kafucin na daji, wanda galibi nauyinsa bai fi kilo 4 ba, yakan ɗaga dutse mai kimanin kilo 1 da hannu biyu ya fasa ƙwara. A 2009 ita dai Visalberghi da abokan aikinta suka ajiye musu duwatsu su zaɓa. Suka bar mai rugurgujewa suka ɗauki mai tauri. Sai aka ƙera duwatsun yaudara, babba mara nauyi da ƙarami mai nauyi. Biran suka riƙa taɓawa, suna ƙwanƙwasawa, suna ɗan ɗagawa, sannan su ɗauki mai nauyin. Ido bai ruɗe su ba, nauyi suke nema, kuma nauyi ne ke fasa ƙwara.

Gwaji na ƙarshe shi ne ya fi jawo mana kiran waya. A tsibirin Ngamba na tafkin Biktoriya a Yuganda, Victoria Horner da Andrew Whiten suka nuna wa 'yan shampanze wani baƙin akwati. Mutum ya zare sakata a sama, ya zura sanda ta ramin sama ya ƙwanƙwasa, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya zaro abinci. Biran suka kwaikwayi duka. Sai aka kawo akwati iri ɗaya amma na garai-garai, inda ake gani ƙarara cewa ramin sama a toshe yake, bai haɗu da abincin ba. Biran suka watsar da aikin sama, suka nufi ƙofar gaba kai tsaye. Da aka gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 4, su kuwa suka maimaita komai, har da ƙwanƙwasar banza, ko a akwatin da suke ganin cikinsa. A 2005 aka wallafa wannan.

Wani mai sauraro ya bugo yana cewa, to ke nan biri ya fi yaro hankali? A'a. Yaro yana kwaikwayon babba daki-daki ne domin ya yarda babba na da dalili, ko da shi bai gan shi ba tukuna. Da wannan yarda ce ake gadon abin da ba a iya gane shi da kallo ɗaya, kamar ƙira da rini da haɗa magani. Kuma yaro na da abin da biri ba shi da shi: baki. Ba ya daɗewa sai ya fara damun kowa da "don me?" Ɗan shampanze zai shekara 4 a gefen uwarsa, ba zai taɓa tambayarta ba, ita ma ba za ta taɓa faɗa masa ba.

To, ina amsa?

Ga abin da za mu iya faɗa wa bakanikenmu. Biri ba kwaikwayo kaɗai yake yi ba. Abin da ido ke gani da abin da hannu ke ji, nauyi da tsawo da tauri, da ko sanda ta taɓa abinci ko ba ta taɓa ba, manyan birai da kafucin suna lissafa su, musamman a aikin da suka taso a cikinsa. Inda suke tuntuɓe shi ne in sanadin ɓoyayye ne, ko matakan sun yi yawa, ko aikin baƙo ne. Har yau masana na jayayya kan inda iyakar take daidai. Wasu, irin su Daniel Povinelli na Amurka, sun tsaya kan cewa shampanze ba ya tunanin ƙarfin da ba a gani. Wasu kuma na cewa gwaje-gwajenmu ne ke ɗaure musu hannu. Mu da muke cewa ruwa ba ya tsami banza, ga alama mu kaɗai ne ke tashi musamman mu je neman abin da ya sa ya yi tsami.

Wanda ke jin wannan magana na rage darajar ɗan Adam, ya tuna labarin 'ya'yan Annabi Adamu a Suratul Ma'ida, inda hankaka ya nuna wa mutum yadda ake binne gawa. Koyo daga dabba ba baƙon abu ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Shampanzen Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci a cikin jinsunan shampanze 4, kiyasin masana bai wuce 9,000 ba a duk duniya. A watan Yuli na 2020 gwamnatin Kamaru ta ware sama da hekta 68,000 na dajin Ebo don sarar katako, ta janye a watan Agusta bayan koke-koke, sannan a 2023 aka sake buɗe batun. Tunda sana'ar fasa nuwazet ta koyo ce, in garken da ya iya ta ya watse, ta tafi ke nan. Ko an kawo wasu birai daga wani daji, ba za su zo da ita ba.

Mu 'yan kasuwa ne masu yawo, daga Mokolo zuwa Garwa, daga Banyo zuwa Mambila. Wata rana wani zai iya tare ka a tasha da ɗan shampanze a kwali, ya ce saya wa yara. Ka sani ba a raba shi da uwarsa tana raye. Dokar Kamaru ta sa shampanze da gorila cikin rukunin A, wato haramun ne kashe su, ko kama su, ko ajiye su a gida, kuma akwai ɗauri. Marayun da ke gidan kula da birai na Mefou, kusa da Yawunde, da na Limbe, galibi ta wannan hanya suka zo. Wanda ke son yaransa su ga shampanze, can zai kai su.

Shi kuwa maigidan gareji, shawararmu ita ce ya yi wa yaronsa abin da uwar biri ba ta iyawa. In ya ɗaure noti, ya faɗa masa don me aka fara da wannan kafin wancan. Wata rana ya juya masa bututun: ya ba shi injin da bai saba da shi ba, ya ja gefe ya ga ko ƙa'ida ya haddace ko ramin yake gani. Haka tela a Birketiri, haka malamin makaranta, haka uwa a kicin. Ɗan ƙaramin da ya yi tambayar sufana kuma a gaishe mana da shi. Amsarsa ita ce: in an nuna wa shampanze, mai yiwuwa ya juya noti, amma ba zai tambayi abin da ya sa ya kwance ba.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku daga ko'ina kuke, Kamaru ko Najeriya, Cadi ko Nijar. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.